Ranar da Iya Ta Kira Sunan Babana

A Samaru na tashi, kusa da gonar gwaji ta Turawa inda Baba yake aikin malamin gona. Kakarmu Iya, mahaifiyarsa, ta baro Bomo ta dawo wurinmu da zama. Kullum bayan an ci tuwon dare sai ta jawo kujerarta bakin murhu, mu kuma mu kewaye ta muna roƙon tatsuniya. Iya akwai baki, ko kaza ta gifta sai ta samo mata laifi. Abu ɗaya ne ban taɓa ji a bakinta ba, sunan Baba. Ɗan fari ne, saboda haka kunyarsa take yi. Ba ta kallon idonsa, ba ta tambayarsa lafiya. In ta matsu sai ta ce mini, “Ladi, gaya wa mutumin nan ruwan wankansa ya huce.”

A shekarar nan Baba ya fara tari, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kowa ya tambaya sai ya ce mura ce. Ana haka wani wakilin kamfani daga Sabon Gari ya shawo kansa ya nemi inshorar rai, wai in ta Allah ta kasance a ba iyalinsa abin riƙewa. Da wakilin ya tambaye shi ko yana da wani ciwo, Baba ya ce lafiya lau, kamar mai amsa gaisuwa. Amma sai da suka tura shi wurin likitansu, ya kara masa abin awo a ƙirji.

Wata yamma wakilin ya zo a kan keke, ya tsaya a ƙofar gida yana ta kame-kame.

“Malam, ka yi haƙuri, kamfani ba su karɓa ba. Likita ya ji wani abu a huhunka. Ya ce ka je asibiti, kada ka daɗe.”

“Ƙaryar banza!” in ji Baba. “Ni da nake yini a rana? Don ni baƙar fata ne kawai.”

Duk muna ji daga tsakar gida. Inna, mahaifiyarmu, ta shige ɗaki da hawaye. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba.

Ran nan babu wanda ya roƙi tatsuniya. Iya ce da kanta ta ce, “Ku matso, ga wata nan ta zo muku.” Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, don Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya juya mana baya.

Ta ce wani manomi ne zai yi tafiya mai nisa, sai ya je wurin maƙwabcinsa ya ce, “Ga rumbuna amana. In ban dawo ba, ka ciyar da ’ya’yana daga ciki.” Maƙwabci ya zagaya rumbun, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Sai ya ce, “Ba zan karɓa ba. Gara na ci a ciki, ina jin ta.” Manomi ya fusata, ya zagi maƙwabci tas. Maimakon ya buɗe rumbu ya shanya hatsi, sai ya kwaɓa laka ya yaɓe bayansa, ya shafe shi da farar ƙasa, kowa ya wuce yana yaba kyansa.

Nan Iya ta tsayar da tatsuniyar. Itacen murhu ya ƙone ya karye, babu wanda ya gyara shi.

“Iya, sai me ya faru?” in ji ƙanena.

“Ban sani ba. Mai rumbun ne ya san ƙarshenta.”

Sai tari ya sarƙe Baba, irin mai tsawon nan, ya toshe baki da hannun riga. Da ya lafa ya miƙe zai shige ɗaki, ko waiwaye bai yi ba. Sai muka ji muryar Iya.

“Haruna.”

Ban ma gane da wa take ba sai da na ga Baba ya tsaya cik. Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido.

“Haruna, na binne ubanka da irin tarin nan. Ba zan binne ka ba. Gobe ka tafi asibiti.”

Baba ya durƙusa a inda yake, ya ce, “To, Iya.”

Tarin fuka ne. Ya yi watanni kwance a asibitin mishan yana shan allurai, ya dawo da ƙafarsa. Inshorar dai bai taɓa samu ba, har ya tsufa yana mitar kamfanin nan, muna yi masa dariya.

Da na girma na riƙa tunanin yadda dukanmu masu ƙaunarsa muka yi ta taya shi shafa farar ƙasa, sai baƙin da suke tsoron asarar kuɗinsu ne suka gaya masa gaskiya. Ita ma gaskiyar da ta tafi a banza, ba don Iya ta ajiye kunyar da ta riƙe tun ranar da ta haife shi ba. Washegari ta koma ce masa mutumin nan, kuma har ta rasu ban sake jin sunan a bakinta ba.