Shekara Ɗayan da Na Ara a Hannun Yaya Habu

Shekara tara ke nan cur da muka kai Yaya Habu makwancinsa a bayan gari, kusa da kabarin mahaifinmu. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Abin da nake da shi a da bai wuce abin da kowa ya faɗa a zaman makoki ba: mai haƙuri ne, ba ya faɗa da kowa, bai taɓa makara a salla ba. Bana kuwa na san wani abu da ban sani ba, kuma ya hana ni sakat.

Gidanmu gidan limanci ne, a wani ɗan gari tsakanin Zango da Baure. Kakan mahaifinmu ya ja salla a masallacin garin, kakanmu ya ja, mahaifinmu ma, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, ya ja. Mu biyu ne maza a gidan, kuma tun muna ƙanana Malam ya raba mana hanya. Yaya Habu, bayan ya sauke Alƙur'ani ya taɓa fiƙihu, aka sake shi ya bi boko. Ni Sani aka zaunar da ni a zaure gaban littattafai, don ni zan gaji buzun. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma a lokacin ban ga abin tambaya ba.

Lauya Yaya ya so zama. Da sunaye suka fito a wata jami'a can kudu, sai ya tarar an jefa shi sashen Jamusanci, harshen da ko sau ɗaya bai taɓa jin an yi shi ba. Ya dawo gida kamar zai yi kuka. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "To, su ma Allah ne ya halicce su da bakinsu. Je ka ka ji me suke cewa."

Ya tafi yana gunaguni, ya dawo hutun farko ya zama wani mutum daban. Harshen ya shiga ransa fiye da yadda lauyanci zai shiga. Ya zo da littattafan rubutu cike da jimloli da ya zana kamar bishiyoyi, kowace kalma a reshenta, da biro kala uku. Ya zo da kaset-kaset da yake sakawa a rediyon Malam yana maimaita abin da aka faɗa, yana murɗa baki kamar mai tsotsar tsamiya. Yakan ba mu labarin wata tsohuwar Bajamushiya da ke koyar da su magana, wadda idan ka yi Turanci a ajinta sai ta juya maka baya har ka nemo kalmar da kanka. A shekarar ƙarshe ya ɗauki aikin kwatanta yadda Bahaushe ke jera kalmominsa da yadda Bajamushe ke jera nasa. Innarmu ce ta sha wahalar wannan bincike. Tana tuƙa tuwo zai tsuguna gefenta ya ce, "Inna, sake faɗa, yaya kika ce?" Ranar da ya sa ta maimaita "miƙo mini tukunyar nan" sau biyar, da muciya ta raka shi har bakin ƙofa.

Ya gama da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, ya tura takardun neman ci gaba da karatu a wata jami'a a Jamus, ya dawo gida jiran amsa. A wannan shekarar ce idanun Malam suka rufe, ƙafa ma ta ƙi ɗaukarsa zuwa masallaci. Ni kuwa a lokacin na riga na sulale zuwa Kano, ina sayar da yadi a rumfar wani ɗan garinmu, na fara jin daɗin birni. Aka aiko in dawo. Abin da Malam ke tsoro kowa ya sani: idan aka yi wata biyu babu ɗan gidan a gaban sahu, limanci zai koma wani gida, kuma ba ya dawowa.

Na zo, na ja Yaya gefe, na ce, "Yaya, tunda zaman jira kake yi, riƙe mini na shekara ɗaya in ɗan kafu. Shekara ɗaya tak." Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "To, Sani. Amma ka ƙirga ta da kyau."

Shekara goma sha uku ya yi a kan buzun nan, har ranar da ya bar duniya.

Limanci daraja ce, kuma ban taɓa jin Yaya ya raina ta ba. Amma wanda bai riƙe ta a ƙaramin gari ba, ba zai san nauyinta ba. Salla biyar, kullum, ba hutu. A tsakaninsu ga raɗin suna, ga ɗaurin aure, ga jana'iza, ga sulhun maƙwabta a kan iyakar gona. Na'ibin da muke da shi tsoho ne tukuf, idan ya yi sujada sai an ɗaga shi. Saboda haka iyakar tafiyar Yaya ita ce Daura, ya hau mashin bayan asuba, ya dawo kafin azahar. Mutumin da ya san sunayen kogunan Jamus da tashoshin jiragenta, a ƙarshe ko Katsina ba ya kwana.

Babu makarantar da na sani a duk masarautar nan da ke neman malamin Jamusanci. Babu kuma mutum ɗaya da zai ce masa sannu da harshen. Sai ya koma yi wa gero magana. Yana noma yana zuba Jamusanci shi kaɗai, ya yi tambaya ya ba kansa amsa, don kada harshen ya yi tsatsa. Mata masu zuwa itace suka ji, nan da nan labari ya bazu cewa sabon liman yana hira da mutanen ɓoye. Har daga garin Babban Mutum aka riƙa zuwa neman taimako a wurinsa, yana rantsuwa ba shi da komai, ana cewa ai masu abin haka suke faɗa. Mun sha dariyar wannan, ni da shi. Yanzu idan na tuna ba ta ba ni dariya.

Abin da ya rage masa na karatu shi ne takardun da ke zuwa cikin tsofaffin motocin da dillalai ke shigowa da su ta kan iyaka. Direba zai kawo ɗan littafin mota ya ce, "Liman, duba mana, wannan jar wutar me take nufi?" Ya gaya masa cikin minti biyu, sannan ya roƙi a bar masa littafin zuwa gobe. Sai ya karance shi tas, har shafin canza taya. Wata rana na zo ganin gida da sabuwar shadda a jikina, muna zaune a zaure, ya ce, "Kalmomin suna gudu, Sani. Jiya na nemi sunan tsani da Jamusanci na rasa. Wuni na yi ina nema." Na ce masa ai tsani ba wani abu ba ne. Wallahi haka na ce masa.

Mai karatu zai tambaya, to ina maganar Jamus? Ga yadda na san ta tsawon shekaru. Da shekarar da na ara ta cika, na zo Babbar Salla. Ranar jajibere bayan la'asar Yaya ya same ni a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ce, "Yaya kasuwa? Ka kusa?" Ni kuwa na buɗe baki. Na ba shi labarin rumfar da na kama tawa ta kaina, da yarinyar da nake nema a Kano wadda iyayenta suka ce ba za ta zauna ƙauye ba, da yadda komai ya fara kankama. Na yi kusan awa ɗaya ina zuba. Bai katse ni ba. Washegari bayan an sauko idi muka shiga gaida Malam, sai Malam ya ce ya ji an kawo wasiƙa mai tambarin waje, me suka ce? Yaya ya ce, "Sun ce babu gurbi, Malam." Malam ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni ma na ce amin, kuma ba zan ɓoye ba, wani sanyi na ji ya ratsa ni har ƙafa. Ban ce a nuna mini wasiƙar ba. Ko an nuna mini me zan gane? A duk ƙasar Daura shi kaɗai ne zai iya karanta ta.

Da zazzaɓi ya ɗauke shi a tsakiyar damina, ba sauran wanda zan ce wa riƙe mini. Na rufe rumfa, na kwaso iyali, na hau buzun da aka yanka mini tun ina yaro. Shekara tara yanzu ni ma iyakata Daura.

Bana rufin zaure ya yi yoyo, muka fito da gafakokin Malam don mu shanya littattafai a rana. Ni ne da Rabi, babbar 'yar Yaya Habu, wadda ke karatu a kwalejin horar da malamai, ta zo hutu. A cikin wata gafaka, tsakanin takardun fiƙihu, muka ci karo da ambulan uku masu tambarin waje. Rabi ta ce, "Baffa, bari in ga ko waya za ta karanta." Ta ɗora wayarta a kan takardar, rubutun ya juye ya koma Turanci, tana karantawa tana mayar mini da Hausa.

Ta farko ta ce an ɗauke shi, har da tallafin karatu da wurin kwana. Ta biyu ta ce sun ga uzurin da ya kawo na rashin lafiyar mahaifinsa, sun amince ya jinkirta zuwa shekara ɗaya, kamar yadda ya roƙa, har ƙaninsa ya dawo. Ta uku, wadda ta iso kafin waccan Sallar, ta ce gurbinsa na nan yana jiransa, amma ba za a sake ɗagawa ba, ya sanar da su ranar zuwansa cikin mako shida.

Ashe da wannan takarda a aljihunsa ya zo ya same ni a gindin darbejiya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da wannan zamani. Abin da ya kwashe shekara huɗu yana koya, yau waya tana yin sa kafin ka ƙifta ido. Na san zai karɓi wayar ya yi ta neman kurakuranta, ya ce ba ta san inda ake ajiye kalma ba. Na san kuma da ya kai yanzu, da daga zauren nan zai riƙa hira da Jamusawa baki da baki, ya tambaye su sunan tsani. 'Yan shekaru kaɗan ne suka raba shi da wannan. Amma wayar da za ta cire masa kewa ita ce ta tona abin da ya binne, kuma ban san ko zai gode mata ba.

Me ya rage nasa? Limanci bai bar gidanmu ba. Malam ya rasu hankalinsa kwance. 'Ya'yana sun tashi da abin da na tara a Kano. Littattafansa masu zanen bishiyoyi suna cikin akwati, ba mai iya karanta su. Duk wanda ya ci moriyar zaman Yaya Habu yana nan ana iya nuna shi da yatsa, kuma ni ne a sahun gaba.

Ran nan, da Rabi ta gama karantawa, ta ajiye wayar ta dube ni. Can ta ce, "Baffa, da ya gaya maka gaskiya, da ka dawo?" Kafin in buɗe baki ladan ya kira azahar, na tashi na ɗauki buta. Ban taɓa jin daɗin kiran salla don wani dalili irin wannan ba, Allah ya yafe mini. Ta koma makaranta ba ta sake tambaya ba.

Rabi tana karanta wannan shafi, don haka ga amsarki, 'yata. Na juya ta a raina wata uku, na nemi wata amsar ban samu ba. Da ban dawo ba. Da na kawo masa uzuri, in ce a ƙara mini wata shida, in yi ta ja har mako shidan nan su wuce, mu rayu yana kallona ina kallonsa da wannan a tsakaninmu. Mahaifinki ya san ni sarai. Ya saurare ni awa ɗaya, ya gane, sai ya hutar da ni faɗin a'a, ya bar ni shekara ashirin da ɗaya ina ganin kaina mutumin kirki.

Allah ya yalwata masa kabarinsa fiye da yadda muka yalwata masa duniya.