Ranar da Baba Ya Jira Sandarsa

Ranar Asabar, ɗaya ga Oktoba, 1960, tun da hantsi Baba ya zauna a zaure cikin farar rigarsa da ta sha bugu, ya naɗa rawanin da ya shekara huɗu a cikin adaka. Shekarata tara. An yanke gero, ana cirar gyaɗa, amma a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar ba wanda ya leƙa gona, domin ranar mulkin kai ce. Inna ta hana ni wasan carafke, ta sa na share zaure har sau biyu, na cika randa, na shimfiɗa sabuwar tabarma saboda baƙi. Duk gidan mun san abin da Baba yake jira: a dawo masa da sandar huɗubarsa.

Shi ne limamin garinmu a da. A zamanin, in Bature ya zo rangadi, dagaci kan kama magidanta su ɗauki akwatunansa a ka har Gumel, ko da ana tsakiyar noma. Wata Juma'a Baba ya dogara sandarsa ya ce, "Kan da ke yi wa Allah sujada ba jakin kowa ba ne." Washegari ba a samu mai ɗaukar ko buta ba. Daga nan ya hau jakinsa, yau Ɗanzomo, gobe Gagarawa, Alhamis kasuwar Maigatari, yana fassara wa talakawa mulkin kai da cewa kowa ya mallaki kansa, ba mai ɗora masa kaya sai da yardarsa. Sakamakonsa wata shida a gidan yari. Aka karɓe sandar aka ba surukin dagaci, mutumin da ko Fatiha sai ya yi tuntuɓe a cikinta. Yayyena biyu suka tsallaka Damagaram gudun kamu, ni kuma aka rubuta ni boko, don a lokacin 'ya'yan waɗanda aka tsana ake kaiwa. Can muke rera waƙar sabuwar ƙasa a gindin tsamiya, muna cin gyaɗar da muka ɓoye a bakin zane.

Wajen azahar sai ga Tanko, bafaden dagaci, wanda a gaban Baba ya koyi karatu. Baba ya gyara zama, Inna ta laɓe bayan asabari. Hannun Tanko ba komai. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya, a kwaso bencuna daga makaranta zuwa filin taro." Na ajiye 'yar tutar da aka raba mana na ce ni zan je. Baba ya ce, "Zauna, uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya warware rawanin nan a hankali, ya naɗe shi ya yi gammo, ya ɗora a ka. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Tanko, mulkin kan nan, kan wa?"

Da idona na ga dattijon da ya yi wa rabin garin raɗin suna yana tafe da benci a ka, waɗanda suka ɗaure shi kuwa suna ƙarƙashin rumfa ana yi musu fifita. Mutanen da ya sauke wa kaya suka kau da kai, kowa na gudun a gan shi yana gaishe shi.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, yana bin surukin dagaci salla a sahun baya, da hula kawai. Yanzu masallacin ya koma na siminti, da lasifika da fanka, kuma ko limamin bai taɓa jin sunan Baba ba. Jikokina suna son ranar ɗaya ga Oktoba saboda ba makaranta. Kafin Baba ya cika ya ce mana ya yafe wa kowa. Ni dai ban kai Baba ba.