Yaya Ishaya Ya Fito Kogi Kansa a Bushe

Wata Lahadi cikin watan Oktoba na shekarar 1997, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, aka loda mu a bayan wata tsohuwar akori-kura daga Nguru zuwa Gashuwa, domin a can ikilisiyoyin yankinmu suke haɗuwa su yi baftisma idan kogi ya cika bayan damina. Mama ta ɗinka wa yayana Ishaya farar riga, ta soya cincin ta cika bokiti, tana ta fara'a kamar ita za a yi wa. A bakin kogi matan zumuntar coci suna buga tulu suna waƙa, masuntan Bade sun tsai da kwale-kwalensu suna kallo daga nesa. Fasto yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi ko ya gaskata, a amsa da "I", a nutsar da shi, mata su yi guɗa. Da layi ya zo kan Yaya Ishaya, ya shiga da kafaɗunsa a ɗage saboda hayaniya. Fasto ya ce, "Ishaya, ɗana, ka gaskata da Allah ɗaya, da Yesu Almasihu Mai Cetonka?" Ya ce, "A'a." Fasto ya zaci ƙarar kiɗa ce ta hana shi ji, ya maimaita da ƙarfi. Yaya ya ce, "Na ji tambayar, Fasto. Ban gaskata ba." Matan gaba suka daina kiɗa, na baya suka ci gaba har shirun ya iso gare su. Ya juyo ya fito, rigarsa jiƙe zuwa ƙirji, kansa a bushe, ya wuce Baba da ke riƙe da tawul, ya zauna a inuwar wata giyayya yana matse ruwan wandonsa.

A kwatas ɗin reluwe na Nguru muka tashi. Babanmu, Malam Bitrus, daga kudancin Borno aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, kuma yana cikin dattawan ikilisiyarmu, mutum ne mai guga a wando da tsoron bakin mutane. Yaya Ishaya ne ɗan fari, ya girme ni da shekara biyar. An ce bai yi magana ba sai da aka fitar da rai, da ya fara kuma sai ya fara da maimaita sanarwar da ake yi a tashar jirgi. Ba ya kallon mutum a ido, ba ya son a taɓa shi, ba ya cin tuwo sai a wani kwanon sha mai ɓantararren baki. In an buga ganga a coci sai ya toshe kunnuwansa yana rangaji gaba da baya. Yakan tara marafan kwalba ya jera su a tsakar gida kamar taragun jirgi, kuma wanda ya taka masa guda ɗaya ya jawo wa gidan kuka har la'asar. Yaran kwatas suna kiransa Rediyo, don duk abin da ya ji sau ɗaya zai iya kawo shi da muryar mai shi. Manya kuwa suna cewa taɓaɓɓe ne, wasu su ce iska ce ta shafe shi, su faɗa a gabansa sai ka ce ba ya ji.

Amma a aiki ba wanda ya kama ƙafarsa. Shi ne mai ɗiban ruwa a famfon tasha, shi ne mai kai awaki kiwo bayan layin dogo, shi ne mai tsinto mana goruba da aduwa. Muna da 'yar gonar gero a kan hanyar Yusufari, rairayi ne zalla, in gero ya fara nuna sai a tura mu korar tsuntsaye da gwangwanaye a igiya. Mu mukan gudu mu buga langa da carafke a gindin ƙirya, mu bar shi a tsaye cikin rana yana jan igiya, domin an ce masa kada ya bar wurin, shi kuwa magana a wurinsa magana ce. In yara suka ɗana tarkon kurciya sai ya bi ya kwance, ya sha duka, gobe ya koma. Ranar da muka shiga gonar kankanar wani mutum, bai taɓa ko ɗaya ba, da mai gonar ya tambaya kuma ya lissafo mu duka, har da ni ƙanwarsa. Na yi kwanaki ba na yi masa magana, shi kuwa bai ma san ina fushi ba, kullum sai ya kawo mini rabona na goruba. Mama takan ce, "Yaron nan ko gishirina ba ya lasa sai ya tambaya."

Mutum zai yi mamakin yadda aka yi har ya kai cikin kogi. Al'adarmu ita ce a yi watanni ana ajin baftisma, sannan dattawa su zaunar da kai su yi maka tambayoyi, ka kawo amsa da ka. Duk tambayoyinsu na "me aka rubuta" ne da "me ikilisiya take koyarwa", shi kuwa a nan ya fi kauri. Ya zuba musu ayoyi har da waɗanda ba su nema ba, suka tafa, wani dattijo har ya yi hawaye yana cewa Allah ya ɓoye hikima a bakin wanda aka raina. Ba wanda ya tambaye shi ko shi kansa ya yarda, domin a wurinsu wanda ya haddace ai ya gaskata. Alhali tun kafin nan ya taɓa tambayar malamar makarantar Lahadi yadda ake jin muryar Yesu a zuciya. Ya ce ya yi addu'a yadda aka koya masa, ya yi shiru, ya ɗora hannu a ƙirji, bugun zuciya kawai ya ji. Malamar ta yi dariya ta ce Rediyo ya fara kama wata tasha, ajin duka ya kwashe da dariya, aka wuce wurin.

Mun koma Nguru a motar nan, cincin ɗin Mama ko buɗe shi ba a yi ba. Cikin makon dattawa suka kira Yaya tare da Baba. Ni ina laɓe a bayan tagar ɗakin taron, don ba a taɓa hana ni jin abin da ba a kira ni ba. Fasto ya yi ta lallashinsa, daga baya ya tambaye shi, idan babu Allah, me zai hana shi sata. Yaya ya yi nazarin tambayar, sannan ya ce, "Kayan ba nawa ba ne." Can kuma ya ƙara da cewa, "Fasto, kai tsoro ne kawai yake hana ka?" Da gaske yake tambaya, so yake ya sani, amma aka ɗauke ta rashin kunya. Aka yanke cewa mutumin da bai iya da gidansa ba, ba zai iya da ikilisiya ba. Baba ya sauka daga kujerar dattawa, gidanmu duka ya koma bencin baya, inda ake zaunar da waɗanda ke ƙarƙashin horo. Matan da suke cin abinci a kwano ɗaya da Mama suka riƙa cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, a bincika abin da iyayen suka binne. Duk da haka kowace Asabar Yaya yana zuwa ya share cocin ya jera bencina a miƙe, don aikinsa ne tun yana ƙarami, kuma ba wanda ya ce ya bari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan wani mai bishara, irin masu yawon wa'azi, da aka gayyato daga nesa. Ya dubi Yaya sau ɗaya ya ce aljani ne mai taurin kai. Da rana tsaka, bayan azumin kwana uku, ƙarti suka danne shi a kan tabarmar kaba a tsakar gidanmu, mutumin yana yi masa ihu a cikin kunne, mata suna kiɗa a kansa. Yaron da ko dafa kafaɗarsa ba a yi, ga hannuwa ko'ina a jikinsa. Ya yi kururuwa har muryarsa ta dushe, su kuwa suna murna wai aljanin ne yake fita. Da suka sake shi ya rarrafa ya shige akurkin awaki, ya ƙi fitowa sai da yunwa ta fito da shi. Washegari mai bisharar ya tambaye shi ko yanzu ya gaskata, ya ce a'a, kuma haƙarƙarinsa yana ciwo. Na tsani mutumin nan a ranar, kuma ban ga dalilin da zai sa in ce na daina ba.

Daga nan makaranta ta gagare shi, sai maƙwabcinmu Alhaji Sale, ɗan kasuwar hatsi wanda iyayensa suka zo daga Haɗeja, ya ɗauke shi tsaron rumfa. Nan ma aka sami abin faɗa, wai Malam Bitrus ya sayar da ɗansa, gobe za a ji ya musulunta. Alhajin da kansa ya ba Baba labari yana dariya, ya ce ya gwada yi masa nasiha, yaron ya saurara tsaf sannan ya ba shi amsar da ya ba Fasto. Ya ce, "Malam Bitrus, ɗan nan naka ba namu ba ne, ba naku ba ne, amma mudunsa ba ya ƙwange. Allah ya shirye mu baki ɗaya." Baba bai yi dariya ba. Ya rasu bayan 'yan shekaru, jirgin ƙasa ma ya riga ya zama sai jefi-jefi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake zama a kujerar gaba ba.

Mu ƙannensa duk an yi mana baftisma, muka watse, wasu karatu, wasu aure. Ni na gaskata, kuma har gobe ina kan bangaskiyata. Amma na san waɗanda suka amsa "I" a kogin nan rana ɗaya da shi, na san wanda ya yi wa 'yar mutane ciki ya gudu, na san wanda yake dukan matarsa ya zo Lahadi ya ja waƙa. Laifi tudu ne, ba wanda ya hana su cin jibin Ubangiji, gurasar da masu bi suke rabawa a coci, na tsawon lokaci. Mama kuwa ba kujera ce ta dame ta ba. An koya mata cewa wanda bai gaskata ba wuta ce makomarsa, ita kuma ta yarda da zuciya ɗaya, sai ta wayi gari tana ganin ta haifi ɗa, ta shayar da shi, don a ƙone shi. Takan kalle shi yana cin tuwo ta fashe da kuka, ya dube ta ya tambaya ko hayaƙi ne ya shiga idonta. Burinta ɗaya a duniya shi ne ta ji kalmar nan daga bakinsa kafin ta mutu.

A 2006 ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Mu muna zuwa muna komawa, shi ne yake tare da ita. Mutumin da ba ya son taɓa jikin kowa, shi yake ɗaga ta, ya juya ta, ya wanke zannuwanta, ya dama mata kunu ya ba ta a baki, ya goya ta zuwa tashar mota in za a kai ta asibiti Gashuwa. Wata rana da hantsi ina zaune a bakin gadon, ta kama hannunsa, ya daure bai janye ba. Ta ce, "Ishaya, na kusa tafiya. Ka ce ka gaskata, ko don ni, in tafi da sanin zan gan ka." Na yi ta yi masa alama da ido, na manta ba ya karanta ido. Ya daɗe yana rangaji, gumi yana zubo masa, ban taɓa ganin ya sha wuya irin ta wannan lokaci ba, ko a hannun mai bishara. Sannan ya ce, "Mama, in na faɗa za ki san ƙarya ce. In yana nan, shi ma zai sani. Ni dai ina nan, ba inda za ni." Ta saki hannunsa, ta juya fuskarta ga bango. Ya tambaye ta ko za ta sha ruwa, ba ta juyo ba. Bayan kwana biyu ta cika, fuskarta tana wajen bangon.

A wurin jana'iza aka yi wa'azi a kan 'ya'yan da ke kashe iyayensu da baƙin ciki, kowa ya san da wa ake. Shi yana can maƙabarta tun safe tare da masu haƙa, bai ji ba.

Yanzu abin da ke tare da shi yana da suna. Likitoci suna ce masa otizim, a rediyo na ji ana cewa galahanga, kuma a cocin da nake zuwa a birni har an ware ɗaki mara hayaniya don irin yaran nan, ana ce wa iyayensu su yi haƙuri, ba laifin kowa ba ne. Ina zama in saurara. Yaya Ishaya yana nan a Nguru, furfura ta fito masa, yana auna hatsi a rumfar 'ya'yan Alhaji Sale, bai gaskata ba har yau, bai kuma cuci kowa ba. Makomarsa na bar wa Allah, wanda na tabbata ya fi dattawanmu sanin abin da ya halitta. Wadda nake kewa ita ce Mama ta kafin ranar kogin nan, mai dariya tana yabon ɗanta a gaban maƙwabta. Da a cikin shekarun nan duka an sami mutum ɗaya mai riƙe da Littafi ya zaunar da ita ya ce mata ɗanta mutumin kirki ne, kuma jinƙan Allah ya fi ƙarfin saninmu, da ta mutu tana kallon mai ba ta ruwa. Ba a samu ba.