Yatsu Huɗu na Irmiya Direba

Irmiya ya sauko Kontagora daga wajen Dukku a shekarar da aka samu mulkin kai, da buhu ɗaya a ka, da Hausar da sai ka saurara sau biyu kafin ka gane gaishe ka yake yi. Ya yi wankin mota a tasha, ya koyi tuƙi, ya auri Naomi mai sayar da gero a kasuwa. Da ƙungiyar manoman shinkafa ta unguwarmu ta samo wata tsohuwar tarakta, shi aka ba, don shi kaɗai ya yarda ya hau abin da birkinsa sai an roƙe shi.

Tuƙi kam ya iya. Abin da ya gagare shi wuƙa ce, wato dogon ƙarfen da ake ɗaura wa tarakta a baya don baje ƙasa. Shinkafa tana son fili a shimfiɗe, ruwa ya kwanta ko'ina daidai, fadamarmu kuwa duk tudu da kwari. In gaban tarakta ya hau tudu, wuƙa ta nutse ta kwashe baƙar ƙasa har sai ja ta leƙo. In ya gangara, wuƙa ta tashi sama tana aske iska.

Gona uku ya yi wa wannan aika-aika a shekarar da aka koma tuƙin hannun dama. Alhaji Jumare, shugaban ƙungiya, ya kira shi.

"Irmiya, gyaran fili muka sa ka, ba haƙar rijiya ba. Saura gonata. In ka ƙwaƙule ta, ka ajiye makulli."

'Ya'ya biyar gare shi, ba shi da ko kunya ɗaya ta gona a Kontagora. Taraktar nan ita ce tuwonsu.

Dabarar ta zo masa yana kallon wani lebura yana tura baro. In aka sa wa wuƙa taya biyu a baya, ɗaya kowane gefe, su za su riƙe ta a tsayi ɗaya, gaban tarakta ya yi rawar da ya ga dama. Ya tafi wurin abokinsa Ladan maƙeri. Ladan ƙato ne, kowane yatsansa kamar saiwar rogo. Irmiya kuwa in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa.

"Direba, wuƙa da taya? Gobe kuma za ka ce a sa wa fartanya sitiyari."

"Kai dai hura wuta, Maƙeri. Tunani ba aikinka ba ne."

Tayoyi an samu daga matattun baro biyu. Sandunan da za su riƙe su ne suka yi wuya, sai Irmiya ya kwance ƙafa biyu na gadon ƙarfen Naomi tana kasuwa, ya tokare gadon da duwatsu. Ladan ya lanƙwasa, ya ɗaure da noti. Suka shirya bakin wuƙa ya tashi daga ƙasa yatsu huɗu, don ya sare tudu kawai. Ladan ya auna dama ya huda rami ya sa kusa, Irmiya ya auna hagu aka huda.

"Huɗu?"

"Huɗu cif."

Da safe aka taru a gonar Alhaji. Naomi ma ta zo, ta ce tana so ta ga inda ƙafafun gadonta suka samu aiki. Irmiya ya ja layi ɗaya ya waiwaya. Nutsewa dai ta daina, amma layin ya fito a karkace kamar hular ɗan gayu: hagu yana kankara, dama yana wucewa ta kan tudu ko gaisuwa babu. Ruwa in ya zo, gefe ɗaya zai tattara.

Alhaji ya matso wurin Irmiya. Hannu ya miƙa, tafin yana kallon sama.

"Wallahi huɗu na auna," in ji Ladan.

"Ni ma huɗu. Ko ka ga na ajiye wani yatsa a gida?"

Naomi ta ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri kaɗan. Maigida, ɗora hannunka a nan. Malam Ladan, kawo naka kusa da nasa."

Suka jera hannuwa a kan tayar tarakta. Huɗun Ladan sun kusa shidan Irmiya.

"Ni a kasuwa mudu ɗaya nake auna wa kowa da shi," in ji ta. "Ku manyan injiniyoyi, kowa da nasa."

Ta karya karan dawa daidai huɗun mijinta ta miƙa wa Ladan. Ya auna dama da shi, ya huda sabon rami yana gunaguni cewa hannunsa ne na mutane, na direba na ƙadangare ne. Alhaji ya mayar da hannunsa aljihu, ya ce layi ɗaya kacal ya ƙara.

Layin ya fito kamar an shimfiɗa tabarma. Alhaji ya taka shi daga farko har ƙarshe, ya dawo, ya ce, "To, me kake jira? Rana na yi." Da ruwan farko ya sauka, ya kwanta a gonar daga wannan baki zuwa wancan, zurfinsa ɗaya.

Makulli ya zauna a aljihun Irmiya har shekarar da aka yanke Jihar Neja, lokacin da taraktar ta mutu mutuwar da ba ta tashi ba. Duk tsawon shekarun nan karan yana rataye da zare a jikin sitiyari. Ya sa wa manjagarar tarakta irin tayoyin, da shi ya auna. Wannan karon sai da ya tambayi Naomi. Ta ce ya kwashe sauran ƙafafu biyun, gadon ya huta da karkata.