Tabaran da Kawu Ya Mayar Mini

Tun da na ga mai sayar da tabarau a kasuwar Yelwa yau na kasa zama wuri ɗaya. Marigayi Kawu nake tunawa.

Na yi aiki a wata masana'anta a Jamus, inda ake goge gilashi ya raba haske biyu, ya tare ƙyalli. Na kawo masa tabarau irinsa, don yakan tsai da kwalekwalensa bisa tsohon garinsu da tafkin Kainji ya cinye, yana leƙe har ƙyallin ruwa ya sa shi hawaye.

Da muka je wurin a kwalekwale ya saka, ya daɗe yana neman tsamiyar ƙofar gidansu. Duhun laka kawai ya gani.

"Karɓi abinka, ɗana," ya ce. "Gara ƙyallin. Da shi ina ɗauka gidanmu na nan ƙasa."

Allah Ya ba shi gidan da ruwa ba ya ci.