Mai Jin Cikin Goriba

Idan aka gama kai gero rumbu a ƙauyenmu, can wajen Gangara, kakata Inna Hajo takan hura wutar kara bayan isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta, tana kirana maigida, wai mijin da bai taɓa yi mata cefane ba.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. "Wanda ya yi gyangyaɗi, ba ni maimaitawa."

Ɗaya ce ta zauna mini a rai. Wai wani mutum, Ɗan Barmo, ya ɗaukar wa wata tsohuwa itace a bakin gulbi, ashe aljana ce. Ta ce ya faɗi abin da yake so. Ya ce kunnen da zai ji cikin itace. Tun daga ranar, in ya ƙwanƙwasa goriba sai ya san wadda za ta yi azarar da gara ba ta ci, da wadda cikinta ya ruɓe. Magina suka riƙa zuwa daga nesa, shi ya nuna, su su sare. Ba a taɓa jin rufinsa ya faɗi ba.

Da ɗansa ya isa aure, sai ya shiga kurmin goribar bakin gulbi neman azarar ɗakin amarya. Ya wuni yana ƙwanƙwasawa, kowace ta amsa masa kamar ganga. Masu ƙwarin duk sun tafi rufin mutane, ƙananan da ke tasowa kuwa 'ya'yan ruɓaɓɓun ne.

"To sai me, Inna?"

"Sai mi kuma? Ya zamna ƙasa ya yi kuka. Ta ƙare, ku tashi."

Muka tashi da jin haushi. Mu jira muke aljana ta dawo ta gyara.

Bayan na gama karatun lakol na samu aiki wurin masu sayen itacen gini. Muna da na'urar da ake manna wa bishiya, a buga, ta faɗi ƙwarinta kafin gatari ya taɓa ta. Bara aka tura mu gonakin bakin gulbinmu. Goriba bayan goriba, duk holoƙo, sai guda ɗaya a gonar wani dattijo, miƙaƙƙiya, cike da 'ya'ya.

Na ce, "Baba, da ka bar wannan ta yi iri."

Ya dube ta, ya ce, "Ɗana, geron bana bai kai mu rani ba. In ba ita ba, wace za ku saya?"

Kafin la'asar tana kan amalanke.

A da ina ɗauka tatsuniyar kan kwaɗayi take. Amma Ɗan Barmo bai cuci kowa ba, gaskiya ya faɗa a kan kowace bishiya, gaskiyar ce ta cinye gulbin. Inna ta rasu tun ina ƙarami. Sai yanzu nake son in tambaye ta abin da ya kamata ya yi da kunnen nan, ga shi ba wanda zan tambaya.