Ƙotar da Folti Ya Sassaƙa wa Miha

A Ferlach, garin maƙera bindiga, in ka ga mutum yana kallon kafaɗarka maimakon fuskarka, ba raini ba ne, masassaƙin ƙotar bindiga ne. Folti ya fi kowa wannan hali. Ko limamin coci ne ya tsaya wa'azi, Folti na can baya yana auna tsawon hannunsa da ido, yana cewa a ransa gajeriyar ƙota ce za ta yi wa wannan.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya fara sana'ar. A lokacin bindigogin soja ƙirar Mauser sun yi yawa kamar itacen girki, ana zaƙulo su daga rumbuna da ƙarƙashin daɓe. Mutanen garin kuwa ba sa zubar da ƙarfe mai kyau. Sai su cire katakon soja su yar, su bar uwar ƙarfen da sakatarta, don ita ce ba ta tsufa. Wani ya goge tambarin gwamnatin da ta mutu, wani ya lanƙwasa hannun sakatar, wani ya zana ganyaye da barewa a jiki, sannan a kai wa Folti ya yi mata sutura da itacen walnat. Abin da ya je Rasha kashe mutane sai ya koma hawa dutse neman akuyar daji. Shi kansa Folti bai taɓa harbin ko kurciya ba. Matarsa Rezika takan ce ta auri mai ɗinka wa kerkeci riga alhali kaza ma tsoro take ba shi.

Ɗa ɗaya suka haifa, Miha, siriri kamar sanda. Folti ya so ya gaje shi, shi kuwa yaron ƙurar katako na sa shi atishawa, shirun shagon na neman haukata shi. Suka yi faɗa mai zafi, Miha ya ɗauki jakarsa ya tafi Kanada aikin gini. Folti bai raka shi tasha ba. Abin ya ci shi a rai shekara da shekaru, amma ba mutumin da zai buɗe baki ya ce ya yi kewa ba ne.

Maimakon haka sai ya sauko da katakon da ya fi so, wanda ya daɗe yana bushewa a saman shago, mai zane kamar hayaƙi cikin zuma. Ya zaɓi ƙarfen da sakatarsa ta fi santsi. Awo kuwa bai buƙata ba, ai kafaɗar Miha da wuyansa da kuncinsa duk suna cikin hannunsa. Da yamma in mutane sun watse, yakan shafa wa ƙotar mai da tafin hannu, ya lumshe ido, ya hango yaron a kan dutse cikin hazo, bindigar rataye a kafaɗa. Barewa ba ta taɓa zuwa ba a wannan mafarki. Yaron kawai yake tsaye, yana juyowa yana duban gari.

Sai da aka binne Rezika Miha ya dawo, da furfura da tumbi da tabarau, wuya kamar na bijimi. 'Yan kwanaki zai yi ya koma. Folti ya san in ya tafi wannan karon, ba zai sake zuwa ba sai a kan gawarsa. Ya ɗauko bindigar ya miƙa masa.

"Ɗaga mu gani."

Miha ya ɗora ta a kafaɗa. "Baba, kamar da ita aka haife ni."

"Ƙarya kake, ja'iri. Wuyanka ya karkace kamar kazar da ta hango shaho. Ina idonka, ina saiti?"

"To ai ni ne na yi ƙiba, ba laifinta ba ne."

"Ƙiba? Kanada ce gaba ɗaya ka haɗiye."

Suka yi dariya, amma ta Folti ba ta kai zuci ba. Shi da ke yi wa masu sassaƙa ba awo gori, ga shi ya ƙarar da shekaru yana sassaƙa wa yaron da babu shi a duniya. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

"Katako dai ana rage shi, ƙari ne ba a yi," in ji shi. "Cire rigar nan ka tsaya can."

"Zai ɗauki lokaci?"

"A kankare kaɗan, ka ɗaga, a sake kankarewa. Ba a yi sai mai ita na tsaye."

Haka suka shiga yi kullum da safe, Miha a bakin taga, Folti da magagari. Tsakanin ɗagawa da saukewa magana ta fara fitowa, sunayen jikoki, sanyin can, yadda Rezika ta yi jinya. Ranar tafiya ta zo ƙota ba ta kammalu ba, Miha ya ɗaga tafiyar.

Wata safiya idon Miha ya kai ƙarƙashin benci. Ƙurar katakon da ke wurin ba ta cika cokali ba. Ya dubi hannun mahaifinsa, ya ga magagarin na kai da kawo, da ƙyar yake taɓa itacen. Folti ya ga ya gani, hannun ya tsaya cak.

Miha ya karɓi bindigar ya ɗaga. Kuncinsa ya kwanta, idonsa ya faɗa daidai kan saiti. Ashe ta daɗe da yi masa daidai. Ya sauke ta a hankali.

"Har yanzu tana ɗan tokare mini kunci, Baba."

"Na sani," in ji Folti. "Jawo kujera ka zauna."